Kitsen Buhu da Saniyar da Ba Ta Ƙoshi Ba

Akwai wani sabon rukunin masu shanu da ya ɓullo a Arewa cikin 'yan shekarun nan, mutanen da ba su gaji sanda ba, ba su kuma taɓa kwana a ruga ba. Likita ne da ya tara ɗan abin da ya tara, ko ma'aikacin banki da ya hango ritaya, ko tsohon darakta da aka biya shi kuɗin sallama. Ya sayi fili a bayan gari, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kafa rumfar kwano, ya zuba shanu 'yan ruwa biyu, jinin Bunaji da na Firiziyan, bisa alkawarin kowace za ta ba da lita goma sha biyar a rana. Bayan wata shida sai ga lita shida, wata rana ma biyar. Daidai wannan gaɓa, lokacin da zuciya ta fara tsinkewa, dillalin "kitse mai kariya" yake yin sallama. Hajarsa farin gari ce ko tsaki-tsaki kamar ɓarɓashin sabulu, an sarrafa ta daga manja a Malesiya ko Indunusiya, kuma tana tafe da takarda mai sheƙi ɗauke da jadawalin bincike daga jami'o'in Amurka.

Babu ƙarya a cikin takardar, kuma a nan matsalar take. Alƙaluman na gaskiya ne, masanan da suka fitar da su ƙwararru ne a fagensu. Sai dai an yi awon ne a kan wata saniya daban, mai cin abinci daban, a ƙasar da ake biyan kuɗin madara ta wata hanya daban. Duk wanda ya ɗauko wannan sakamako ya liƙa wa saniyar da ke tuƙar busasshen karan dawa a watan Maris, ya yi yaudara, ko da bai taɓa lamba ɗaya a jadawalin ba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ke gudana a cikin saniya. Tumbinta, wato mafi girma daga ɗakuna huɗu na cikinta, randa ce da ke ɗaukar sama da lita ɗari a babbar saniya, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Su ne ke fara cin ciyawar kafin saniya ta amfana. Suna narka zarenta, su fitar da wasu sinadarai masu tsami guda uku, asetet da furofiyonet da butiret, waɗanda jini ke kwashewa. Da furofiyonet hanta take haɗa sukarin jini, da shi kuma hantsa take yin sukarin madara, kuma yawan wannan sukari shi ke jawo ruwa cikin hantsa. Ma'ana, shi ke yanke yawan litar da za a tatsa. Da asetet da butiret kuwa hantsa take ƙera kusan rabin maiƙon da ke cikin madara. Ɗaya rabin yana isowa ne a shirye ta jini, daga maiƙon abinci ko daga kitsen jikin saniyar kanta. A riƙe wannan da kyau: tushen yawan madara yana cikin aikin halittun tumbi, kuma kitsen buhu ba ya ciyar da su ko kaɗan.

Asali ma ba sa shiri da mai. Maiƙon da ke cikin ciyawa da hatsi bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari ba, kuma a kan haka tumbi ya saba. Idan aka kwarara mai mai ruwa-ruwa, irin na gyaɗa ko na waken suya, sai ya lulluɓe zaren ciyawa, ya kuma zama guba ga halittun da ke narka shi. Don su tsira, sukan sauya wa man fasali, su daskarar da shi ya koma sinadarin siteyarik. Shi ya sa masana abincin dabbobi suka daɗe da kafa iyaka, cewa jimillar maiƙo kada ta haura kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na busasshen nauyin abinci.

A farkon shekarun 1980, Donald Palmquist da Thomas Jenkins na Jami'ar Jihar Ohio suka samo dabarar kewaye wannan iyaka. Suka haɗa sinadaran maiƙo da kalsiyam, abin da ya fito kuwa, a ilimin haɗa sinadarai, sabulu ne. Wannan sabulu ba ya narkewa a tumbi inda tsami ke da sauƙi, sai ya gangara ɗaki na huɗu inda tsami ya yi ƙarfi, a can ya warware, hanji ya tsotse shi. Daga wannan aiki Megalac ya fito, wanda har yau sunansa ya fi na kowa fita a kasuwa. Bayansa aka zo da tataccen sinadarin falmitik, wanda ake cirowa daga manja har tsabarsa ta haura kashi 80 cikin ɗari. Dabara ce mai kyau, babu mai musun haka. Tambayar ita ce, don wace saniya aka yi ta?

Don Holstin aka yi ta. A Amurka, matsakaiciyar saniyar tatsa tana ba da kusan kilo 11,000 na madara a shekara, wato sama da lita talatin a kowace rana, kuma da yawa sukan haura arba'in da biyar a ganiyarsu. Irin wannan saniya mai nauyin kilo ɗari shida da ɗoriya tana cinye wajen kilo 25 na busasshen abinci kullum. Matsalarta tana zuwa ne bayan haihuwa: madara tana kai ƙololuwa cikin mako huɗu zuwa takwas, amma cin abinci ba ya kamo ta sai bayan wasu makonni. A wannan tsakani tana narka kitsen jikinta don cike gurbin, ta rame, hantarta ta cika da kitse, ɗaukar ciki na gaba ya yi jinkiri. Ba a iya ƙara mata ciyawa domin tumbi ya cika maƙil. Ba a iya ƙara mata hatsi domin tsami zai yi yawa ya lalata tumbin. Abin da ya rage shi ne kitse, wanda ƙarfinsa ya ninka na hatsi fiye da sau biyu a kan kowane kilo. Ashe kitsen buhu maganin saniyar da ta ci ta ƙoshi ne, amma ƙoshin bai kai abin da hantsarta ke nema ba.

Ko a wurin wannan sarauniyar shanu, me ake samu? A shekarar 2012, Ahmad Rabiee da Ian Lean da abokan aikinsu a Ostiraliya suka tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama suka buga a mujallar Journal of Dairy Science. A dunƙule, ƙarin kitse ya ƙara madara da kimanin kilo ɗaya a rana ga kowace saniya. Ya kuma rage mata cin abinci da abin da ya kusa kilo ɗaya, ya ɗan rage kason furotin a madarar, sannan sakamakon ya sha bamban ƙwarai daga wannan gwaji zuwa wancan. Kilo ɗaya a kan talatin da biyar, kashi uku ke nan cikin ɗari. Ga manomin Wiskonsin mai shanu dubu, kashi uku kuɗi ne masu kauri. Ga mai shanu goma sha biyu a bayan Zariya da ke fatan lita shida ta koma goma sha biyar, wannan ba ko kusa da amsar tambayarsa ba ce.

Lissafin kuma ba ya bukatar akawu. Abin da aka saba bayarwa a waɗannan gwaje-gwaje ya kai giram 400 zuwa 500 a rana. Idan rabin kilo ne ke sayo lita ɗaya, to sai kilon kitsen ya gaza kuɗin lita biyu na madara kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ana sayen kitsen da dala, ana sayar da madarar da naira. Mai gona ya ɗauki farashin da ke kan buhun ya gwada da farashin da cibiyar karɓar madara ta biya shi jiya, zai ga amsar da kansa.

Akwai wani ɓoyayyen wuri da ya fi wannan muhimmanci, wanda dillali ba ya tsayawa a kansa. Binciken da Adam Lock da ɗalibansa suka shafe shekaru suna yi a Jami'ar Jihar Michigan ya nuna cewa abin da falmitik ya fi tabbatar da ƙaruwarsa shi ne maiƙon da ke cikin madara. Sun kuma lura cewa idan aka ba da shi ga saniyar da ta haihu ba da daɗewa ba, yakan ƙara mata rama, domin yana tura ƙarfin abinci zuwa hantsa a maimakon jiki, abin da ya sa aka koma gauraya shi da sinadarin oleyik. Me ya sa manoman can suke rububinsa duk da haka? Domin a yawancin Amurka da kuma Kanada, ana biyan manomi ne a kan nauyin maiƙo da furotin da ke cikin madararsa. Kowane giram na ƙarin maiƙo yana da farashi a takardar biya. A Najeriya kuwa da lita ake awo. Cibiyar karɓa za ta duba ko an tsarma ruwa, ta duba ko madarar ta fara tsami, sannan ta biya kuɗin lita. Mai yin yogot a unguwa da jarka yake saye. Wanda ya kashe kuɗi ya ɗaga maiƙon madararsa ya yi wa mai saye kyauta ne.

A duk faɗin kasuwar, mutum ɗaya ce maiƙo ke zama kuɗi kai tsaye a hannunta, wato Bafulatanar da ke kaɗa nono ta fitar da man shanu. Ita kuwa saniyarta tuni take ba da madara mai maiƙo wajen kashi 5 cikin ɗari, yayin da ta Holstin ke wajen kashi 4. Abin da Bature ke sayen buhu don ya kai, Bunaji da shi aka haife ta.

Ko a can ma abin bai wuce salin alin ba. A farkon 2021, Julie Van Rosendaal, marubuciyar littattafan girki a birnin Kalgari na Kanada, ta yi tambaya a fili game da dalilin da ya sa man shanun ƙasar ya daina laushi idan an ajiye shi a kan tebur. Zargi ya faɗa kan falmitik, domin sinadari ne da ba ya narkewa sai da zafi mai yawa. Surutu ya yi ƙarfi har ƙungiyar manoman madara ta ƙasar ta nemi membobinta su duba wasu hanyoyin a maimakon kitsen manja, ta kuma kafa kwamitin masana. Kwamitin bai iya ɗora laifin kacokan a kan kitsen ba. Duk da haka rigimar ta tuna wa kowa cewa abin da aka zuba a kwamin saniya yana fitowa a ƙwaryar mai sha.

To, a dawo gida a dubi saniyar da ake son a sayar wa wannan haja. Bunaji ko Bokolo ko Rahaji a hannun makiyayi tana barin lita ɗaya zuwa biyu bayan maraƙi ya sha. 'Yar ruwa biyu, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta daɗe tana fitarwa, tana iya ninka wannan sau da yawa idan ta samu kulawa. Abin da ke hana ta ba ya bukatar na'ura kafin a gano shi. Da zarar damina ta ɗauke, furotin da ke cikin ciyawar daji yakan faɗo ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da halittun tumbi ke bukata don su rayu su yi aiki. Kafin bazara yakan sauko har kashi 3. A wannan hali saniya tana iya cika cikinta da kara da tattaka, amma abincin ya zauna a tumbi kamar an cusa katifa, ba ya narkewa, ba ya ba da wurin wani. Halittun ne ke jin yunwa, yunwar furotin. Kitse mai kariya, bisa yadda aka ƙera shi, wucewa yake yi ta gabansu ba tare da sun ɗanɗana ba, kuma babu ko ɗigon furotin a cikinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Sai batun ruwa, wanda ake jin kunyar ambata saboda sauƙinsa. Kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne, kuma saniyar tatsa tana bukatar lita huɗu zuwa biyar na ruwa a kan kowace litar da ta bayar. A gonaki da yawa ana shayar da shanu ne sau biyu a rana, lokacin da aka tada janareta. Sai kaska, sai sammore, sai tsutsar ciki, sai kumburin hantsa na ɓoye wanda ba a gani da ido amma yana cin madara a hankali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ɗauke fiye da litar nan guda da kitse ya yi alkawari.

Mafi muni shi ne abin da tallar ke haifarwa a wurin wanda bai iya sayen buhun ba. Ya ji an ce kitse na ƙara madara, sai ya ɗauko manja ko man gyaɗa ko ragowar man suya ya kwaɓa da dusa. Wannan mai ba shi da wata kariya. A wajen shekarar 2000, Dale Bauman da ɗalibansa a Jami'ar Cornell suka bayyana abin da ke faruwa idan mai mai ruwa-ruwa ya haɗu da abinci mai yawan hatsi da ƙarancin ciyawa: halittun tumbi sukan kauce hanya, su fitar da wani nau'in sinadarin CLA wanda ke umartar hantsa ta rage ƙera maiƙo. Kimanin giram goma na wannan sinadari a rana ya isa ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na maiƙon madara. Mutum ya zuba mai don ya samu mai, sai madarar ta fito tsararo, saniyar kuma ta rage cin abinci.

Abin mamaki, Arewa tana da nata kitsen mai kariya tun kafin a san Ohio. Angurya ce. Ƙwayar auduga tana ɗauke da maiƙo wajen kashi 20 cikin ɗari da furotin sama da haka, kuma da yake man yana kulle a cikin ƙwaya, a hankali yake fita gwargwadon yadda saniya ke tuƙa. Makiyayan ƙasar Funtuwa da Gusau sun san darajarta ba tare da jadawali ba. Tana da sharaɗi: kada a wuce kilo ɗaya zuwa biyu gwargwadon girman saniya, kada kuma a ba ƙananan maruƙa, saboda gubar gosifol da ke cikinta. Haka ƙuli-ƙuli da tunkuza suke da nasu sharaɗin, domin idan sun yi fumfuna, gubar afalatoksin tana ratsawa ta fito a madarar da yara za su sha. Ga harawa, ga kowa, ga 'ya'yan gawo da ke zuba daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. A shekarun 1980, cibiyar ILCA ta gwada killace 'yan kadada na ciyawar sitailo a yankin Kachiya, inda ake sakin shanun tatsa na awa biyu ko uku a rana lokacin rani, don kawai halittun tumbi su samu furotin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da takarda mai sheƙi, domin babu kamashon da zai fito daga harawa.

Adalci ya wajabta a faɗi inda dillali yake da gaskiya. Akwai gonaki ƙalilan, a Filato da Kaduna da Kano da wasu wurare, masu shanun da ke ba da lita ashirin zuwa sama, masu rumbun ciyawar da aka adana da ruwan sha dare da rana. Irin wannan saniya tana shan wuya a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40. Narkar da ciyawa a tumbi aiki ne mai haifar da zafi a jiki, don haka takan rage ci da kanta. Kitse kuwa yana ba da ƙarfi ba tare da ya ƙara mata zafi sosai ba. A watanni ukun farko bayan haihuwa, a tsakiyar bazara, ga saniyar da aka riga aka cika wa furotin da ruwa da magani, 'yan giram ɗari biyu ko uku na iya tsare mata jiki su kuma taimaka ta ɗauki ciki a kan kari. Wannan hujja ce ta gaskiya. Amma shanun da ta shafa ƙalilan ne ƙwarai a cikin shanun ƙasar, kuma ba masu su ake bi da talla ba, domin su suna da masu lissafa musu abinci.

Akwai kuma wani ɗaci a labarin. Najeriya, wadda a farkon shekarun 1960 take sahun gaba a duniya wajen fitar da manja, yanzu shigo da shi take yi. Jami'an gwamnati sun sha faɗin cewa ƙasar na kashe wajen dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara. Kaso mai yawa na wannan madara gari ne da aka cire wa man shanunsa a Turai, aka sayar da man da tsada a can, aka mayar da gurbinsa da kitsen manja mai arha, aka turo Afirka ta Yamma, harkar da ta ƙara haɓaka bayan Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madara a 2015. Wannan garin ne ke karya farashin madarar makiyayi daga Kano har Yamai. Yanzu kuma ana gaya wa mai gona cewa hanyar yin gogayya da manjan da aka zuba a gari ita ce ya sayo wani manjan da dala ya zuba wa saniya. Ta ko'ina aka bi, kuɗin yana ƙarewa ne a tashar jirgin ruwa ɗaya.

Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, za ta sha ganin masu kawo irin wannan haja suna neman a sa ta cikin kayan tallafi, domin buhu yana da sauƙin rabawa a gaban kyamara fiye da kadadar ciyawa. Kafin a sa hannu a kowace takardar saye, Shika da Vom suna nan, da shanunsu da ma'aunansu. A kai buhun can a gwada shi a kan 'yar ruwa biyu mai cin abincin da ake samu a Giwa ko Dambatta, a gefe guda kuma a ba wasu shanun angurya da harawa na daidai kuɗin, a buga sakamakon kowa ya gani.

Mai gona ma yana iya yin nasa gwajin da littafin makaranta da bokitin awo. Ya ware shanu shida da suka haihu kusan lokaci ɗaya, ya rubuta madarar kowace safe da yamma na mako biyu. Sannan ya ba uku kitsen buhu, ya ba sauran ukun angurya da harawa na daidai wannan kuɗi, ya bar ruwa a gaban dukkansu dare da rana, ya ci gaba da rubutu har mako shida. Ya kuma shaida wa dillalin cewa za a biya kuɗin buhun farko ne ranar da aka rufe littafin, a gabansa.